DARASIN KIWON LAFIYA: Kumburin Harshe Da Jinin Da Ba Ya Tsayawa

  

Ko kin taɓa ganin yaro yana tatata ya faɗi ya ciji harshensa, jini ya tsaya da rana, da dare kuma a tarar da matashinsa ya jiƙe, gobe haka, jibi haka? Ko an taɓa ba ki labarin gidan da aka yi wa yara kaciya tare da sa'o'insu, kowa ya warke ya tashi, na gidan kaɗai jini ya ƙi tsayawa? A garuruwanmu na ƙasar Gwarzo da Kabo, tun daga Getso da Kutama har zuwa Garo da Gude, idan irin wannan ta faru abin da aka fi faɗi shi ne "kamun maye ne", ko "baki ne", ko "hannun wanzamin ne bai da kyau". To darasinmu na wannan fitowa a kan wannan matsala yake, musamman idan ta shafi baki da harshe, domin a nan ne take iya kashe mutum cikin 'yan sa'o'i.

YADDA JINI KE TSAYAWA

Idan wuƙa ta yanke ki kina yankan albasa, abu uku ne Allah Ya shirya a jikinki. Da farko jijiyar da ta yanke za ta tsuke. Sai waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo cikin jini, waɗanda likitoci ke ce wa filatilet, su ruga su manne a bakin raunin. Daga nan sai waɗansu sinadarai, da aka fi sani da lambobinsu, wato fakto 8, fakto 9 da sauransu, su saƙa wani zare mai kama da raga a kan ƙwayoyin nan, jini ya daskare. Kamar ginin katanga ne: ƙwayoyin su ne tubali, sinadaran su ne kwaɓin da ke riƙe su. In babu kwaɓi, ruwan sama kaɗan ya isa ya zubar da ginin. Shi ya sa mai wannan lalura jininsa kan tsaya na ɗan lokaci, sannan ya dawo.

SU WANE NE KE CIKIN HAƊARI?

1. Masu himofiliya. Cuta ce ta gado wadda ta fi kama maza. Nau'in A rashin fakto 8 ne, kuma ana samunsa a kimanin ɗa namiji 1 cikin kowane 5,000 da aka haifa. Nau'in B rashin fakto 9 ne, bai kai na farko yawa ba. Wanda sinadarin nan bai kai kashi 1 cikin 100 a jininsa ba, tasa mai tsanani ce: gwiwa ko idon sawu kan kumbura haka kawai ba faɗuwa ba buguwa. Wanda yake da kashi 5 zuwa 40 kuwa yakan girma ba a sani ba, sai ran da aka cire masa haƙori ko aka yi masa kaciya.

2. Masu cutar Bon Wilbiran. Sunan wani likita ne na ƙasar Finlan da ya bayyana ta a 1926. Ita wannan maza da mata take kamawa, kuma ita ce ta fi yawa a cikin cututtukan gado na rashin tsayawar jini.

3. Jarirai sabuwar haihuwa. Kowane jariri yana zuwa duniya da ƙarancin bitamin K, wanda hanta ke buƙata don haɗa sinadaran daskarar da jini. Don haka ake yi wa jariri allurar bitamin K ranar haihuwa a asibiti. Wanda aka haifa a gida yakan rasa ta.

4. Manya masu ciwon hanta, da masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin da asfirin saboda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda ƙwayoyin filatilet ɗinsu suka yi ƙasa, kamar masu sankarar jini.

Ki lura, wannan daban take da sikila. Kuma ba cutar Turawa ba ce, ba sabuwa ba ce. Babban likitan Musulmi na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya ba da labari a littafinsa At-Tasrif na wani ƙauye da mazansa ke mutuwa saboda zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni, har da yaran da jini ya ɓalle musu daga dasashi. Haka nan Sarauniya Biktoriya ta Ingila tana ɗauke da ita, ɗanta Liyofol ya rasu a 1884 bayan ya zame ya faɗi, kuma ta hanyar 'ya'yanta mata cutar ta shiga gidajen sarautar Rasha da Sifen. Kin ga ke nan ba ta san talaka ba, ba ta san basarake ba.

TA INA AKE GADONTA?

Himofiliya ta wajen uwa take bi zuwa ga ɗa namiji. Mace kan ɗauke ta a ɓoye, sau da yawa ba tare da ta san tana da ita ba. A kowane ciki, in namiji ne, ko ya samu ko ya tsira, rabi da rabi ne. In mace ce, ko ta ɗauka a ɓoye ko ta tsira, shi ma rabi da rabi. Namijin da yake da ita kuwa ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka. Saboda haka tambayar da za ki yi ita ce: a cikin 'yan'uwana maza, da kawunnaina ƙannen mahaifiyata ko yayyenta, da 'ya'yan 'yan'uwana mata, akwai wanda jini ya taɓa ƙin tsaya masa? Akwai wanda ya rasu a kaciya ko bayan cire beli? Ki je ki zauna da tsohuwa ki tambaye ta, su ne ke riƙe da tarihin gida.

Sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran da ake haifa da ita, babu wanda aka sani da ita a danginsu. Kuma akwai waɗansu nau'o'in da sai yaro ya gada daga uwa da uba duka biyun, waɗannan sun fi fitowa a auren zumunci. Don haka kada miji ko dangin miji su ɗora wa mace laifi, har a kai ga gori ko saki. Babu wadda ta zaɓi abin da aka halicce ta da shi. Jarrabawa ce daga Allah, kuma shari'a ta umarce mu da neman magani.

ME YA SA BAKI DA HARSHE SUKA FI HAƊARI?

Dalili uku ne. Harshe tsoka ce mai yawan jijiyoyin jini. Ba ya hutawa, ko ana magana ko ana haɗiyar miyau yana motsi. Sannan miyau kansa yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da jinin da ya daskare. Ga kuma babbar magana: harshe a bakin ƙofar numfashi yake zaune. Ƙafa in ta kumbura tana da wurin kumbura. Harshe in ya kumbura baya yake komawa ya toshe maƙogwaro.

Kumburin harshe iri biyu ne ya kamata ki sani.

Na farko ƙurjin harshe, wato taruwar mugunya a cikin tsokar. Ba kasafai ake samunsa ba, domin Allah Ya kāre harshe da fata mai kauri da yawan jini da miyau mai kashe ƙwayoyin cuta. Amma yakan faru idan wani abu ya huda shi: ƙayar kifi, irin wanda muke saye daga dam ɗin Guzuguzu ko na Challawa, ko tsinken sakace, ko karyayyen haƙori mai kaifi da ke gogar gefen harshe, ko cizon da mai farfaɗiya ke yi wa kansa. Masu ciwon suga sun fi saurin samunsa. A hankali yake zuwa, cikin kwanaki: zafi, zazzaɓi, wuri ɗaya ya yi tauri, haɗiya ta yi wuya, baki ya yi wari.

Na biyu taruwar jini a cikin harshe ko a ƙarƙashinsa. Wannan shi ne ya fi samun masu rashin tsayawar jini. Da sauri yake zuwa, cikin sa'o'i, yawanci babu zazzaɓi, kuma harshen ko ƙasansa kan yi baƙi-baƙi ko shuɗi. Wani lokaci jinin da ya taru yakan ruɓe bayan kwanaki ya koma ƙurji, sai abu biyu su haɗu.

Da ido ba lallai a bambance su ba, har likita kan buƙaci hoto. A nan ne haɗarin sakiya yake. Idan aka ɗauka ƙurji ne aka soka masa ƙarfe, alhali jini ne ya taru, an buɗe ƙofar da ba mai iya rufewa a gida. Ko da ƙurjin ne na gaske, fasa shi ga wanda jininsa ba ya tsayawa, ba tare da an fara gyara jinin ba, ganganci ne da rai.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko tsakar dare ne a nemi mota:

1. Miyau yana dalala, mara lafiya ya kasa haɗiyewa.
2. Murya ta canza, kamar mai magana da loma a baki.
3. Harshe ya tasa sama ko ya leƙo waje, ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura.
4. Numfashi yana ƙara, ko ya ƙi kwanciya rigingine sai dai ya zauna ya miƙa wuya.
5. Jinin baki ya wuce minti 20 ana dannawa bai tsaya ba, ko ya tsaya ya dawo.
6. Tafin hannu da cikin ido sun yi fari, yaro ya yi laushi, ko yana aman jini, ko kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta. Wannan alama ce ya daɗe yana haɗiye jinin.

Kada ɗigon jini kaɗan-kaɗan ya ruɗe ki. Jaririn da nauyinsa ya kai kilo 3, duk jinin jikinsa kimanin rabin ledar fiyawata ne. To ki auna, tsumma nawa zai jiƙe kafin abin ya ƙare?

ABIN DA ZA KI YI KAFIN A ISA ASIBITI

Ki zaunar da shi ya ɗan sunkuya gaba, kada ki kwantar da shi rigingine. Ki wanke hannunki, ki naɗe ƙyalle mai tsabta ki danna wurin da ke jini minti 10 zuwa 15 ba tare da kina ɗagawa kina leƙawa ba. In akwai ƙanƙara, babba ya tsotsa, yaro kuma a naɗe a ƙyalle a ɗora masa daga waje. Kada ya kuskure baki, kada ya yi ta tofarwa da ƙarfi, domin hakan na ɓamɓare abin da ya fara daskarewa. In harshe ya kumbura har haɗiya ta gagara, kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, zai iya shaƙewa. Ki yi masa addu'a kuna tafe a hanya.

Kada a zuba toka ko gawayi ko garin magani a raunin. Kada a gasa da ruwan zafi, zafi ƙara buɗe jijiya yake yi. Kuma ki kiyayi maganin ciwon jiki na kemis da na 'yan talla: asfirin, ibufurofen, diklofenak da firoksikam duk suna ƙara zubar jini. Garin Alabukun ma asfirin ne a cikinsa. Farasitamol shi ne wanda ya dace, bisa ƙa'idar awo. Allurar ɗuwawu ma a guje ta ga mai himofiliya, domin jini kan taru a cikin tsokar. Rigakafi kuwa kada a fasa, sai dai ki gaya wa ma'aikaciya lalurar yaron tun kafin ta yi.

A ASIBITI

Daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne, Kabo ta ɗan fi kusa. In numfashi ya fara wuya, a fara tsayawa a asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Gwarzo, su duba hanyar numfashi, su sa ruwa ko jini in da buƙata, su rubuta takardar turawa. Gwajin da ke tabbatar da nau'in cutar da ƙwararrun likitocin jini kuwa sai a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kina isa, kalmar farko da za ta fito daga bakinki ita ce: "Likita, yaron nan jininsa ba ya tsayawa, kuma kawunsa ma haka yake." Kada ki jira a tambaye ki. Wannan jimla ɗaya tana canza duk yadda za a yi aikin. Ƙa'ida ita ce a fara gyara jini kafin a taɓa wurin: a yi allurar sinadarin da ya rasa ta jijiya, in babu a ba shi ruwan jini na filasma. Akan haɗa da maganin tiranekzamik asid, wanda ke hana miyau narkar da daskararren jini. In mugunya ce, sai a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a zuƙe ta da sirinji ko a ɗan tsaga. In jini ne ya taru, yawanci ba a fasawa, da an gyara jinin yakan sace da kansa, ana dai lura da numfashi.

Bayan an dawo gida, a ba shi abinci mai laushi wanda ya huce, irin su koko da fate da kindirmo, a ɗage masa ƙuliƙuli da rake da ƙashi da kifi mai ƙaya har sai ya warke.

Allurar fakto tana da tsada ƙwarai, amma akwai taimako. Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya, wadda aka kafa a 1963, mai hedikwata a birnin Mantiriyal na Kanada, tana ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi gudummawar wannan magani. A nan gida akwai Gidauniyar Himofiliya ta Nijeriya, wadda wata uwa mai suna Megan Adediran, da 'ya'yanta maza ke da cutar, ta kafa a 2005. Ki roƙi likitan jini ya sa sunan yaronki a rajista. Ilimi ma ya ci gaba: tun 2017 aka fara amfani da wata allura mai suna emisizumab da ake yi a ƙarƙashin fata don kāre masu nau'in A daga yawan zubar jini. Yaron da aka gano lalurarsa da wuri yana karatu, ya yi sana'a, ya yi aure kamar kowa.

WANZAMI, BELI DA KACIYA

A nan sai mun gaya wa kanmu gaskiya. Cire beli ko hakin wuya, da yankan linzami, da tsagar dasashi, al'ada ce, addini bai ɗora mana ba. Beli halittar Allah ce mai amfani, ba ya hana yaro girma. Kuma a makon farko ake yin waɗannan abubuwa, daidai lokacin da ƙarancin bitamin K ya fi tsanani ga jariri. In kin ga linzami yana hana jariri kama nono, likita za ki kai wa. In a gida kika haihu, ki sa a kai jaririn asibiti a ranar ko washegari a yi masa allurar bitamin K da rigakafin farko.

Kaciya kuwa sunna ce mai ƙarfi a mazhabarmu ta Malikiyya, amma babu malamin da ya ce a yi ta ko da za a rasa rai, domin kāre rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Yaron da ake zargin yana da lalurar, a gwada jininsa tukuna. In ta tabbata, a jinkirta har a samu damar yi a asibiti bayan an yi masa allurar fakto. Haka hukuncin ƙaho da tsaga da cire haƙori a kasuwa.

Na san ba abu ne mai sauƙi ba ga mai jego ta tsaya gaban surukarta. Kada ki bari sai wanzami ya shimfiɗa zabira a zaure. Tun kina da ciki ki zauna da maigida ki yi masa bayani, ya zama shi ne zai yi magana. In kuma ke ce, ki rusuna ki ce: "Inna, don Allah a yi mini alfarma a tsaya a aski kawai, shi ma a bi a hankali. A gidanmu an taɓa rasa yaro ta wannan hanya, likita kuma ya ce a jira gwaji." Tsohuwa ma jikanta take so.

Tsabtar baki ita ce rigakafin ƙurji. Asuwaki sunna ne, a tauna shi ya yi laushi, ko a yi amfani da buroshi mai taushi safe da dare. Kada a daina goge baki don tsoron jini, dasashin da ya yi datti shi ya fi zubarwa. Lokacin famfara kada a ɗaura zare a fizge haƙori, a bar shi ya faɗi da kansa.

KE KANKI FA?

Yarinyar da likitan Finlan ɗin nan ya fara ganin cutar a jikinta, a hailarta ta huɗu jini ya ɗauke ta. Mu mata mukan je wurin malam mu tambayi hukuncin salla idan jini ya zarce, ya yi mana bayanin istihala, kamar yadda Faɗimatu bintu Abi Hubaish ta kai tambayarta ga Annabi (SAW) ba tare da kunya ta hana ta ba. Wannan daidai ne. Amma bayan malam, saura likita. In hailarki tana wuce kwana 7, ko kina canza ƙunzugu duk sa'a ɗaya ko biyu, ko gudaji manya na fita, ko kina yawan haɓo, ko kin taɓa zubar da jini mai yawa bayan haihuwa, ki nemi gwaji. Wadda ke da irin wannan tarihi, ko take da ɗa ko ɗan'uwa mai himofiliya, ta faɗa tun a awon farko, kuma a asibitin da ke da ajiyar jini za ta haihu.

AIKIN DA KE KANMU

Ranar 17 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar himofiliya ta duniya. Rassanmu na Gwarzo da Kabo za su iya gayyato ma'aikaciyar lafiya ta yi bayani a Islamiyya, a kira ungozomomi, a kuma aika wa wanzamai ta hannun masu unguwanni, domin su riƙa tambayar tarihin gida kafin su sa aska. Uwar da ke da irin wannan yaro ta ajiye kuɗin mota na musamman da lambar direba, ta rubuta lalurarsa a kati ya riƙa yawo da shi, ta kuma sanar da malamansa na boko da na allo cewa ba a dukansa.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo bambanci biyu tsakanin ƙurjin harshe da taruwar jini.
2. Waɗanne dangi za ki bincika don gano himofiliya?
3. Lissafa magunguna uku da mai wannan lalura zai guje wa.
4. Mene ne farkon abin da za ki gaya wa likita?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya bisa tafarkin Musulunci, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.